Yadda za ki saƙa wa ɗanki hula da allura biyu, ko da raino bai bar ki kin zauna ba

Saƙar uwa mai raino daban take da ta sauran mutane. Wadda ba ta da ƙaramin yaro tana iya zama awa biyu cur tana ƙirga saƙarta babu mai katse ta. Ke kuwa guntayen lokaci ne rabonki: minti goma yana barci, minti biyar ya shagala da wani abin wasa, sai ɗan abin da ya rage da dare kafin idonki ya rufe. Saboda haka tun daga zaɓen abin da za ki saƙa har zuwa inda za ki ajiye allura, tambayar ɗaya ce: in aka kira ni yanzu na yar da aikin nan na tashi, zan dawo in gane inda na tsaya? Duk saƙar da ba za ta jure wannan ba, ki ɗage ta sai yaro ya yi wayo.

Hula tana jurewa. Layukanta ba su wuce 50 da ɗan wani abu ba, zarenta bai da yawa, kuma rabin aikin hannu ne ke yi ba tare da kai ya sa baki ba. In kina samun layi huɗu a rana, cikin mako biyu kin gama. Wadda zan bayyana a nan ta ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ce, ana saƙa ta a shimfiɗe sannan a ɗinke bayanta.

Zare da allura

Ki nemi zare mai matsakaicin kauri, wanda takardar jikinsa ta nuna allura mai milimita 4, da ido 22 (ido shi ne kowane zargen zare da ke rataye a kan allura) a cikin santimita 10. Sau da yawa za ki ga an rubuta DK a jikin irin wannan. Giram 50 kan isa hular yaro, amma ki sayi giram 100 saboda saƙar gwaji da gyara. In dunƙule biyu za ki ɗauka, ki duba lambar rini da ke kan takardar ta zama ɗaya, domin launi ɗaya da aka rina a lokuta daban yakan bambanta, kuma ba za ki lura ba sai kin fita rana.

Kayan yaro ana wanke su kullum, don haka wankuwa ita ce gaba da kyau. Akirilik, wato zaren roba, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, amma narkewa yake in ya kusanci wuta. Ulu ya fi ɗumi kuma yana komawa yadda yake bayan an ja shi, sai dai ruwan zafi da cuɗa suna cure shi ya ƙanƙance har abada, in ba wanda aka rubuta ana iya wanke shi a inji ba. Auduga tana da laushi a fata, amma in ta miƙe ba ta dawowa, sai hular ta riƙa zamowa kan idon yaro. A ganina haɗin ulu da akirilik ya fi dacewa da hula. Zare mai gashi-gashi kuwa ki bar shi a inda kika gan shi, gashin yana tsinkewa ya shiga baki da hanci. Kafin ki saya, ki goga zaren a wuyanki. In ya yi miki ƙaiƙayi, yaro ba zai bar shi a kansa ba.

Allurar saƙa iri biyu kike bukata, mai milimita 3.5 don bakin hula da mai milimita 4 don jikinta. In kin samu irin wadda kawunanta biyu ke haɗe da igiyar roba, ki ɗauke ta ko da a shimfiɗe za ki saƙa. Ba ta da dogon tsini da ke leƙowa gefenki inda yaro zai faɗo a kai, ɗaya ba ta ɓata ta bar 'yar'uwarta, kuma in za ki tashi sai ki tura saƙar tsakiyar igiyar, babu abin da zai zame. Ta gora ko ta katako ta fi ta ƙarfe riƙe zare. Sauran kayan: tef ɗin awo, ƙaramin almakashi, allurar ɗinki mai faɗin kafa da dakushin baki, kwarashi ɗaya, fensir da 'yar takarda, da jaka mai zif wadda duka za su shiga.

Awo da saƙar gwaji

Ki zagaya tef ɗin a kan yaro ta saman gira, ta saman kunnuwa, zuwa inda ƙeya ta fi tudu. In ba ya tsayawa, ki jira ya yi barci. Bisa jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, zagayen kan jariri sabon haihuwa yana wajen santimita 34, na ɗan shekara ɗaya 45 zuwa 46, na ɗan shekara biyu 47 zuwa 48. Kin ga kai yana girma da sauri a shekarar farko sannan ya lafa. Shi ya sa hular ɗan wata uku ba ta daɗewa, ta ɗan shekara ɗaya kuwa tana iya kai shi sanyi biyu.

Hula sai ta gaza kai kaɗan sannan take zama, domin saƙa tana miƙewa. Kan da ya kai santimita 46, hular santimita 40 zuwa 42 ce daidai da shi.

Yanzu saƙar gwaji, wadda kowa ke son tsallakewa. Ki ɗora ido 28 a allura mai milimita 4, ki saƙa layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya (bayaninsu yana tafe a ƙasa) har kamar santimita 10, ki shimfiɗa ta ba tare da ja ba, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10 na tsakiya. In 22 ne, madalla. In sun kai 24, hannunki yana matsewa, ki ƙara girman allura. In 20 ne, ki rage. Bambancin ido biyu kamar ba komai ba ne, amma a zagayen hula ya kai kusan santimita 4. Mai lokaci ce ke iya warware hula ta sake, ke ba ki da shi, don haka ki ba gwajin nan dare ɗaya.

Lissafin kuwa ga shi: ido 88 a ma'aunin 22 yana ba da santimita 40. An zaɓi 88 ne saboda yana rabuwa gida huɗu don bakin hula, yana kuma rabuwa gida takwas don rufe samanta. Ki ƙara ido 2 da ɗinki zai cinye. Ido 90 ke nan za ki ɗora.

Ɗora idanu da saƙa iri biyu

Kowane zargen zare da ke rataye a kan allura, ido ɗaya ke nan. Ki yi ƙullin zarge, ki bar jelar zare kamar santimita 15, ki rataya shi a allura mai milimita 3.5, ki riƙe ta a hagu. Ki cusa bakin allurar dama cikin idon daga gaba ya ɓullo ta baya, ki zagayo da zaren ta ƙarƙashin allurar dama ya hau tsakanin allurai biyun, ki jawo sabon zarge ta cikin idon, sannan ki rataya shi a allurar hagu kusa da na farko. Sun zama biyu. Ki maimaita a cikin sabon idon, haka har 90. Kada ki matse, bakin hula mai tauri yana barin shata a goshin yaro. Duk ido 10 ki rataya ɗan guntun zare mai wani launi a kan allurar, don in an katse ki a ido na 63 ba sai kin koma farko ba.

Saƙar gaba ita ce abin da kika yi yanzu, sai dai maimakon ki mayar da sabon zargen hagu, ki bar shi a allurar dama ki zame tsohon idon daga ta hagu. Zaren yana bayan aiki.

Saƙar baya kishiyarta ce. Zaren yana gabanki. Ki cusa allurar dama cikin idon daga dama zuwa hagu ta yadda za ta tsaya a gaban ta hagu, ki ɗora zaren ta samanta ki zagayo da shi ta ƙasa ya dawo gaba, ki tura sabon zargen baya ta cikin idon, ki zame tsohon. Hula duka daga waɗannan biyun take fitowa.

Bakin hula

Layin farko: biyu gaba, biyu baya, har ƙarshe. Za ki ƙare da biyu gaba. Ki juya aikin. Layi na biyu: biyu baya, biyu gaba, ki ƙare da biyu baya. Ki riƙa maimaita waɗannan layuka biyu har saƙar ta kai santimita 4. Duk lokacin da za ki sauya daga gaba zuwa baya ko daga baya zuwa gaba, ki wuce da zaren ta tsakanin allurai biyun. In ya hau ta saman allura, sabon ido zai haifu tare da rami, sai ki ƙirga ki ga 91.

A nan ne ya kamata ki koyi karanta saƙarki da ido, domin shi ne zai 'yantar da ke daga ƙirga. Ki dubi abin da ke ƙarƙashin allura daidai gindin idon da za ki saƙa. In ya yi kama da harafin V, sumul, ki saƙa shi gaba. In ɗan ƙullutu ne kwance a gicciye, ki saƙa shi baya. Da zarar kin gane wannan, ko a tsakiyar layi aka tashe ki, saƙar da kanta za ta gaya miki abin da ke biye.

Jikin hula, da yadda ake tashi a bar saƙa

Ki koma allura mai milimita 4, wato ki saƙa layi na gaba da ita, idanun za su ƙaura da kansu. Daga nan layi ɗaya gaba duka, layi ɗaya baya duka, har tsawon aikin daga bakin hula ya kai santimita 10 ko 11. Fuskar da ke sumul ita ce waje. Wannan sashen ba ya son tunani, shi ne na lokacin da yaro ke wasa a gabanki idonki na kansa.

Masu koyar da saƙa kan ce kada a tsaya a tsakiyar layi. Shawara ce mai kyau ga wanda ba ya raino. Yaro ya nufi inda bai kamata ba, ba za ki ce masa ya jira ido 40 ba. Abin yi shi ne ki saba da motsi guda: ki tura idanun nesa da bakin allura, ki haɗa allurai biyun wuri ɗaya, ki jefa cikin jaka ki zuge, ki ɗora a sama. Daƙiƙa biyar ne. In kin dawo, ki nemo idon da zaren dunƙule ke fitowa daga jikinsa. Allurar da ke ɗauke da wannan idon ita ce ta hannun dama. In kika riƙe ta a hagu, za ki koma inda kika fito, layin ya yi tudu a gefe ɗaya da rami a tsakiya. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a saƙar da ake katsewa.

Wata rana kuma za ki tarar ɗan hannu ya zare allurar gaba ɗaya. Kada ki ɗaga saƙar ki girgiza. Ki shimfiɗa ta a kan tebur, ki ɗauki allurar nan mafi siriri ki tsinto idanun ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanki da ko sun juya, a gyara su a layi na gaba. Idon da ya zame ya gangara ƙasa zai bar zaruruwa a gicciye kamar matakan tsani. Ki sa kwarashi a cikin idon ta fuskar waje, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi ki jawo ta ciki, ki kamo na sama da shi, haka har ki iso allura. Akwai kuma rigakafi: bayan kin gama bakin hula, da kuma kafin ki fara rage sama, ki zura siririn zare mai wani launi ta cikin dukkan idanun da ke kan allura ki bar shi a nan. Ko me ya faru, warwarewar ba za ta wuce wannan zaren ba.

Abu biyu ban yarda da su ba ko kaɗan. Na farko, saƙa da yaro a cinya ko a ƙirji yana shan mama, domin yara suna zabura ba sanarwa, tsinin allura kuma yana daidai fuskarsu. Na biyu, ajiye saƙa a kan kujera ko gado da sunan yanzu zan dawo. Allurar da ta shige tsakanin matasai tana jiran wanda zai faɗo kanta ne. Shi ma zaren ba abin wasa ba ne ga mai rarrafe, yana naɗe wuya. Guntayen da kika yanke ki tattara su nan take, saboda siririn zare ko gashi yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafar jariri ya tsayar da jini. In jariri yana kuka ba ki ga dalili ba, cire safa a duba yatsu yana cikin abin da ake yi.

Rage sama

Wannan ne kaɗai wurin da ke son natsuwa, ki bar shi sai yaro ya yi barci ko mahaifinsa ya karɓe shi. Haɗa ido biyu shi ne ki cusa allura cikin idanu biyu lokaci guda ki saƙa su gaba kamar ɗaya ne.

A fuskar waje: ki saƙa ido ɗaya na gefe, sannan tara gaba ki haɗa biyu, tara gaba ki haɗa biyu, har sau takwas, ki rufe da ido ɗaya na gefe. Saura 82. Ki juya ki saƙa layin baya duka ba ragi. Layin waje na gaba, takwas ne tsakanin haɗi da haɗi, saura 74. Haka za ki ci gaba, kowane layin waje lambar tana raguwa da ɗaya: bakwai ya bar 66, shida 58, biyar 50, huɗu 42, uku 34, biyu 26, ɗaya 18. A layin ƙarshe ki saƙa na gefe, ki haɗa biyu-biyu sau takwas, ki saƙa na gefe. Saura 10. Ki rubuta lambobin nan a takardarki tun kafin ki fara, ki riƙa soke kowace in kin gama layinta. In takardar ta ɓata, ki ƙirga idanun da ke kan allura, adadinsu zai nuna miki inda kike.

Ki yanke zaren ki bar jela kamar santimita 50. Ki zura ta a allurar ɗinki, ki bi ta cikin idanu goman, ki zare allurar saƙa, ki ja su tsuke, ki sake zagayawa sau ɗaya don ƙarfi. Da wannan jelar za ki ɗinke baya. Ki jera gefuna biyun kusa da juna fuskar waje tana kallonki. Tsakanin ido na farko da na biyu a kowane gefe akwai ƙananan zaruruwa a gicciye. Ki ɗauki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kina sauka, duk bayan santimita biyu ki ja a hankali har gefunan su haɗu. Ɗinkin zai ɓuya a ciki. Sauran jelar zare ki saƙala ta cikin ƙullutan ciki kamar santimita 5, ki juyo ki koma kaɗan, ki yanke. Kada ki bar zare mai lilo a ciki.

Ado, barci da wanki

Hular ƙaramin yaro ba ta bukatar igiyar ɗaurewa a haɓa. In ta zauna daidai ba za ta faɗi ba, igiya a wuya kuwa tana iya sarƙewa a wani abu. Maɓalli da duwatsun ado su ma a haƙura. Masu gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana lissafa shi cikin abin da zai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Tuntu ma yana tsigewa zare-zare. In kina son ado, ki sa ratsin wani launi: a farkon layin waje ki fara da sabon zare, ki yi layi huɗu, ki koma na da.

Hula ta fita ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2022 kan barcin jarirai, ta ce kada a sa wa jariri hula a cikin ɗaki in ba a sa'o'in farko bayan haihuwa ba ko a sashen kula da jarirai na asibiti, saboda zafi yana iya yi masa yawa. Haka nan bargo sakakke ba ya shiga gadon ɗan ƙasa da shekara ɗaya, komai kyan saƙarsa. Ki taɓa ƙeyar yaro, in da gumi ki cire hular.

Ki wanke ta kafin sawa ta farko, da ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mara ƙarfi. Ki matse ta a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa ta ta bushe. Rataya jiƙaƙƙiyar saƙa yana miƙar da ita.

Hannunki da mutanen gidan

Iyaye masu ɗaukar yaro sau da yawa a rana sukan yi fama da ciwo a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, saboda jijiyoyin wurin suna kumbura. Saƙa tana aiki da wurin nan ne daidai. In kin ji zafi ko yatsu suna dindiris, ki ajiye na wasu kwanaki, in bai lafa ba ki ga likita. Kuma in zaɓi ya zo tsakanin barci da layi huɗu, ki kwanta. Saƙar mai gyangyaɗi warwarewa ake yi da safe.

Ki gaya wa maigida da manyan yara cewa jakar nan ba a buɗe ta, kuma in kika ce saura layi ɗaya, minti biyar kike nufi. In maigidan ne mai sha'awar saƙar, duk abin da ke sama nasa ne, allura ba ta tambaya. Yaron da ya kai shekara biyu yana son a sa shi cikin aiki: ki nuna masa launi biyu ya zaɓa, ki bar shi ya riƙe tef lokacin awo, ko ki ba shi saƙar gwajin nan bayan kin rufe ta kin ɓoye jelarta ya lulluɓe 'yar tsanarsa. Wajen shekara biyar yana iya fara saƙa da yatsunsa kina kusa.

Yana yiwuwa ki gama hular ya cire ta ya jefar. Yara masu tatata haka suke da duk abin da aka ɗora musu a ka. Ki duba ko bakin ya matse ko zaren yana ƙaiƙayi. In ba ko ɗaya, ki sa masa a bakin ƙofa lokacin da hankalinsa ke kan fita, ke ma da taki a kai. In bakin ne ya matse, ki jiƙa hular ki sa mata abu mai zagayen santimita 44 a ciki ta bushe a kai, ulu yakan saki kaɗan. In akirilik ne zalla ba zai saki sosai ba, sai ki sake ɗora wata da ido 98, ki fara ragin sama da goma tsakanin haɗi da haɗi maimakon tara.